Koya wa yara tarihi da labarin ƙasa a gida

'Yar'uwa, kin tambaya ko ba da labari zai wadatar wajen koya wa yaranki tarihi da labarin ƙasa a gida, tunda hadda ba ta zama musu. Zai wadatar, matuƙar kin haɗa shi da taswira. Ɗauki tafiyar Hajjin Mansa Musa, sarkin Mali, ta 1324. Ki shimfiɗa taswirar Afirka a tabarma, ki ba da labarin cikin minti 15, su kuma suna tura ƙwayar wake daga Mali, ta ratsa Sahara, ta yada zango a Alƙahira, inda sarkin ya raba zinare har darajar zinaren ta faɗi. Ki tambaye su ina ayarin zai sami ruwa. Washegari su maimaita miki da bakinsu kafin ki kawo sabo.

Inda abin ke lalacewa shi ne yaro ya riƙe labari ya manta zamaninsa, har ya ɗauka Mansa Musa da Shehu Ɗan Fodiyo sun yi zamani ɗaya. Ki ɗaura igiya a bango, kowane ɗani shekara 100, ki maƙala takardar kowane labari a gurbinta: 1324 nan, 1804 ta jihadin Shehu can. Labarin Bayajidda kuwa, ki gaya musu tun farko cewa na baka ne, ba ya hawa igiyar.