Kun Tambaya, Mun Amsa: Kalmomin Turancin Ofis Masu Tafiya Tare

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala digiri a Jami'ar Jihar Gombe, na yi hidimar ƙasa, kuma kwanan nan na samu aiki a sashen mulki na wata ma'aikata. Duk wasiƙar da na rubuta da Turanci sai shugaban sashenmu ya dawo mini da ita cike da jan biro, alhali kalmomin duk suna cikin ƙamus, nahawun ma bai karye ba. Na rubuta “did a mistake” ya mayar da shi “made a mistake”, na rubuta “make a meeting” ya mayar da shi “hold a meeting”. Da na nemi dalili sai ya ce haka ake faɗa kawai. Shin akwai ƙa'idar da zan haddace in huta?
Daga wata mai karatu a Pantami, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Shugabanki bai yi miki rowar ilimi ba, domin amsar da ya ba ki ita ce gaskiyar magana, illa dai tana bukatar ƙarin bayani. A kowane harshe akwai kalmomin da suka saba tafiya tare, har kunnen mai harshen ya ƙi yarda idan aka sauya wa ɗaya abokiyar tafiyarta. Masana harshe suna kiran wannan “collocation”, kuma masanin da aka fi dangantawa da yaɗa batun shi ne J. R. Firth na Ingila, wanda a shekarar 1957 ya nuna cewa ana gane kalma ne ta hanyar kalmomin da take zama da su.

Hausa ma cike take da irin wannan. Muna cin kasuwa, muna cin bashi, muna cin jarrabawa, amma iska da wahala da kaye shan su ake yi. Muna yanke shawara, muna ƙulla yarjejeniya, muna ajiye aiki. Da baƙo mai koyon Hausa zai ce zai fita cin iska, kowa zai gane nufinsa, kuma kowa zai yi murmushi, ba tare da wani ya iya kafa masa hujjar da ta sa ake shan iska ba. Abin da shugabanki yake ji ke nan idan ya karanta wasiƙarki.

Babban tarkon da Bahaushe yake faɗawa a ciki shi ne kalmar “yi”, wadda take ɗauke da nauyin da Turanci ya raba wa aikatau, wato kalmomin aiki, masu yawa. Yin kuskure “make a mistake” ne, yin kasuwanci “do business”, yin taro “hold a meeting”, yin jawabi kuma “give a speech”. Littattafan koyarwa sukan ce “make” tana tafiya da abin da mutum ya samar wanda a da babu shi, kamar “make a plan”, “make a complaint” da “make an appointment”, ita kuwa “do” tana tafiya da aikin da ake gudanarwa, kamar “do the paperwork” da “do research”. Wannan ƙa'ida tana da amfani, amma kada ki jingina da ita gaba ɗaya, domin ana cewa “do damage” ga wanda ya yi ɓarna, ko da yake ɓarnar sabon abu ce da ya haifar.

Akwai guda biyu da nake so ki lura da su sosai, saboda a ofisoshinmu ma ana cakuɗa su. Wanda ya kama aiki a karon farko “assume duty” ya yi, wanda ya dawo daga hutu ko rashin lafiya shi ne ya yi “resume duty”, amma sau da yawa za ki ji an ce sabon ma'aikaci zai yi “resume” ranar Litinin, alhali bai taɓa taka ƙofar ofishin ba. Na biyu ya shafi ƙananan kalmomin da suke biyo bayan aikatau. Mai neman aiki yana cewa “apply for a job”, amma idan ma'aikatar yake nufi sai ya ce “apply to the ministry”. Kalmar “discuss” ba ta ɗaukar “about”, haka kuma “request” idan tana matsayin aikatau ba ta ɗaukar “for”, ko da kuwa kin ga an rubuta hakan a takarda mai hatimi. Sauran, irin su “meet a deadline” ga wanda ya gama aiki cikin wa'adi, “go on leave” ga mai tafiya hutu, da “heavy workload” ga aikin da ya yi yawa, ba su da wata sarƙaƙiya, riƙe su kawai ake yi.

Ga yadda nake ganin ya fi dacewa ki koya. Ki sami littafin rubutu, ki ba kowane suna da kike yawan amfani da shi a ofis shafi guda. A saman shafi ki rubuta “meeting”, a ƙarƙashinsa ki riƙa tara aikatau da suke tafiya da shi duk lokacin da kika ci karo da su: “call”, “hold”, “attend”, “chair”, “postpone”, “adjourn”. A gaban kowanne ki rubuta cikakkiyar jimla ta kanki a kan abin da ya faru a sashenku, misali taron da aka ɗage saboda darakta ya tafi Abuja, domin jimlar da ta shafi rayuwarki ta fi zama a kai. Farawa daga suna ya fi sauƙi, saboda idan kika zauna rubutu kin riga kin san abin da za ki yi magana a kai, aikatau ne yake ɓace miki.

Kayan cika littafin kuwa suna kan teburinki. Takardun sanarwa, rahotannin taro, tsofaffin fayil-fayil da tallace-tallacen guraben aiki a jaridu irin su Daily Trust duk cike suke da waɗannan kalmomi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai tun da tsofaffin takardu ma suna ɗauke da kurakuran da aka gada, ki riƙa tantancewa a ƙamus na musamman, irin wanda madaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar a 2002 ta kuma sabunta a 2009, mai suna Oxford Collocations Dictionary. Ba na ba ki shawarar haddace dogayen jerin nan da ake turawa a WhatsApp, domin abin da aka haddace ba tare da jimla ba kafin mako ya zagayo ya gudu. Wasiƙun da shugabanki ya yi wa jan biro kuma kada ki yar da su, ki kwafe kowane gyara a shafin da ya dace, tun da su ne suka fi nuna ainihin inda ƙafarki take zamewa.

TAMBAYA: Malam, ina shirin zuwa ganawar ɗaukar aiki. Wani ya ce mini “take a decision” kuskure ne, “make a decision” kaɗai ake cewa. Haka ne?
Daga wani mai karatu a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Ba haka ba ne, Malam, dukansu daidai ne. Turawan Ingila suna amfani da su biyun, musamman “take a decision” a maganar hukuma, kuma daga wurinsu ofisoshinmu suka gaje ta, yayin da mutanen Amurka suka fi sabawa da “make a decision”. Idan ba ka san waɗanda za su zauna a gabanka ba, ka ɗauki “make a decision”, domin ana karɓarta a ko'ina. Allah ya ba da sa'a.