Amsa ga Hajiya kan makarantar yaronta a Bronx

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanmu da dare. Hajiya, na saurari muryarki tun da rana, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce yaronki ya iso daga Kumasi wata takwas ke nan, yana da girin kad, ya gama sakandare da sakamakon WAEC, amma baffansa ya ce kada a kai shi kwalejin shekara biyu, wai ta waɗanda suka faɗi jarrabawa ce, gara ya kama aiki ya tara kuɗin jami'a. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ta wannan ƙofar ni ma na shiga, ina da shekara 36 da 'ya'ya uku.

Kwalejojin nan na gwamnati ne, a ƙarƙashin CUNY suke, wato jami'ar birnin New York, guda bakwai a birnin nan. Biyu suna nan Bronx kusa da mu, Bronx Community College a kan titin University, da Hostos a Grand Concourse wajen titi na 149. Duk wanda ya gama sakandare suna ɗaukarsa, kuɗin cike takarda dala 65. Zai yi kiredit 60, wato ma'aunin darussan da ya ɗauka, a ba shi digirin shekara biyu, daga nan ya wuce babbar kwaleji irin Lehman ko City College ya ƙarasa biyun da suka rage. Digirin da zai fito da shi a ƙarshe babu abin da ya raba shi da na wanda ya fara can tun ranar farko. Ki faɗa wa baffansa haka, cikin ladabi.

To ga kuɗi. Mazaunin birni yana biyan dala 2,400 a zango, 4,800 ke nan a shekara, sai 'yan ƙananan kuɗaɗe na kwamfuta da harkokin ɗalibai. A manyan kwalejojin CUNY kuwa 6,930 ne a shekara. Tunda yana da girin kad, yana da haƙƙin cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, kuma tallafinsu da ake kira Pell yana kaiwa har dala 7,395 a shekara idan samun gidan bai da yawa. Ba rance ba ne, ba a biya. Jihar New York ma tana da nata, TAP. Sau da yawa sai a biya makaranta har canji ya dawo wa yaro ya sayi littattafai. Kin ga ashe tara kuɗin da ake magana bai taso ba.

Amma Hajiya, ki buɗe kunne a nan, don a nan na sha wuya. Farashin mazauni sai wanda ya cika wata 12 a jihar, shida na ƙarshe a cikin birni, kuma sai ya nuna shaida. In babu shaida, dala 320 ne kowane kiredit. Kiredit 15 a zango ɗaya ya zama 4,800, kuɗin shekara guda cif. Ni lokacin da na shiga na fi shekara huɗu a garin, amma hayar gida da takardar wuta duk da sunan maigidana suke. Na buɗe shafina na ga kuɗi ya ninka, na zauna a bakin gado hannuna na rawa, har na ce na fasa. Sai da na yi mako uku ina haɗa takardar haraji da ta banki kafin aka gyara. Yaronki saura wata huɗu. Tun gobe ya je ya yi katin shaida na jiha, ya buɗe asusun banki da adireshin gidanku, duk wasiƙar da ta zo da sunansa a adana ta a jaka ɗaya.

Idan ya shiga, ya tambayi ASAP, shirin CUNY na tallafa wa ɗalibai, tun ranar farko. Tun 2007 ake yinsa. Suna taimakawa da kuɗin jirgi da bas da littattafai, ga mai ba da shawara da ke bibiyar ɗalibi. Sharaɗin shi ne ya yi karatu cikakken lokaci. Aiki zai iya yi, amma kaɗan. Na ga yaranmu da yawa sun kama aikin dare suna cewa zango mai zuwa za su koma, yau shekara biyar ba su koma ba.

Kin kuma ce kina tsoron zai zama bare. Hajiya, a ajinmu na lissafi, a damana wata 'yar Dominika ce mai goyo, a haguna wani dattijo ɗan Bangaladash da ke tuƙa tasi da dare, yana zuwa da shayinsa a fulas. Bayanmu samari 'yan Gambiya da Gini. Da azumi ajin yamma ya kai magariba, na fito da dabino a leda, mu biyar muka sha ruwa a bakin ƙofa, malamar ta jira mu. Kowa da irin karin harshensa, ba mai yi wa wani dariya. Da hijabina na shiga, da shi na karɓi takardata.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci, ku ma akwai CLIP, ajin koyon Turanci mai rahusa kafin a fara ainihin karatun.

Hajiya, ranar Talata ba na aiki. Ku zo da girin kad ɗinsa, lambar soshiyal (Social Security), sakamakon WAEC na asali, da takardar harajinku ta bara da ta bara waccan, mu zauna mu cike tare. In baffansa yana so ya zo, bismillah, zan dafa shayi. Allah ya yi wa yaron albarka. Sai da safe.