Tsarin tawagogin ƙananan jiragen yaƙi a wasannin sararin samaniya

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wasa zai ce maka kana cikin tawaga mai jirage 12, amma da an fita fagen daga sai ka duba ka ga ku uku ne ko huɗu, kuma ko akwai tsari guda da duk waɗannan wasanni suke bi. Na daɗe ina buga su, tun daga tsofaffin na kwamfuta har zuwa na intanet, don haka ga abin da na lura da shi.

Tsari biyu ne ke tafiya tare a kusan kowane wasa. Akwai na labari, wanda ake karanta maka a ɗakin bayani kafin a tashi, mai manyan lambobi da sunaye masu ban tsoro. Akwai kuma na fili, wato jiragen da za ka iya gani da idonka, ka ba su umarni su ji. Na biyun ne ke yanke ko za ka dawo da rai, kuma da wuya ya wuce jirage huɗu zuwa shida.

Dukansu daga Yaƙin Duniya na Biyu aka aro su. Matuƙan Jamus sun gwada tashi biyu-biyu tun a yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939: jagora yana kai hari, na biyu yana tsare masa baya. Idan aka haɗa biyu da biyu sai a sami rukunin huɗu, a baje kamar yatsun hannu. Birtaniya ta shiga yaƙin da tsarin uku-uku a matse, inda biyun da ke gefe suke ƙare lokacinsu wajen kallon fiffiken jagora don kada su yi karo, abokin gaba kuwa ya lallaɓo ta baya. Da suka sha wuya sai su ma suka koma huɗu. Tawagarsu kan tashi da jirage 12, an raba ta ƙananan sassa masu sunan launi, ja da shuɗi da sauransu. Idan ka ji ana kiran jagoran jajaye a rediyon wasa, tushensa ke nan. George Lucas ma da hotunan faɗan jiragen wancan yaƙi ya yi amfani wajen tsara faɗan fim ɗin Star Wars na 1977, masu wasanni kuma suka bi sawu.

A duniyar Star Wars lissafin a fili yake. Tawaga jirage 12 ce, rukuni uku na huɗu-huɗu. Rundunar 'yan tawaye tawaga uku ce, jirage 36, ita kuwa Daular da suke yaƙa, kowane babban jirginta na Star Destroyer yana ɗauke da tawaga shida, jirage 72. Amma wanda ya buga X-Wing na 1993 ko TIE Fighter na 1994 ya san bai taɓa ganin jirage 72 a allo lokaci guda ba, don kwamfutar wancan zamani ba za ta ɗauka ba. Dabarar da masu tsara wasan suka yi ita ce su raba abokan gaba ƙananan rukunai, kowanne da adadin zuwansa. Ka kakkaɓo uku, wasu uku masu suna iri ɗaya su fito daga cikin babban jirgin, ka sake kakkaɓowa, wasu su sake fitowa, har adadin ya cika. Haka ake sa ka ji kamar da runduna guda kake faɗa. Kuma akwai amfani a sanin wannan: sabon zubi ba ya fitowa sai na farko ya ƙare ƙaf. Idan aikinka raka jirgin kaya ne kuma lokaci kake nema, bar guda ɗaya da rai ya yi ta bin ka, ya fi maka sauƙi a kan ka harbo shi ka jawo sababbi uku masu cikakken makami.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba, irin jirgin ne ke haifar da tsarin. TIE na talaka, ƙaramin jirgin yaƙin Daular, ba shi da garkuwa, ba shi da injin tsallaka nisan taurari, saboda haka dole ya zauna kusa da uwar jiragensa, dole kuma ya fito da yawa. X-wing, jirgin 'yan tawaye, yana da duka biyun, don haka 'yan kaɗan za su iya zuwa nesa su kai hari su gudu ba tare da kowa ya kawo su ba. Farkon TIE Fighter yana koyar da wannan da zafi, harbi biyu ko uku ka tarwatse, sai ka fara girmama abokan tashinka ko da kwamfuta ce ke tuƙa su.

Wing Commander na 1990 ya bi wata hanya dabam, ya rage komai zuwa mutum biyu, kai da mai tsaron bayanka. Tawagogin da ke cikin jirgin Tiger's Claw suna nan da sunayensu, amma sauya maka tawaga a aikace yana nufin sauya maka irin jirgin da za ka tuƙa ne kawai. Abin da ya ba wasan armashi shi ne kowane abokin tashi da halinsa. Wani yana bin umarni sau da ƙafa, shi kuwa wani mai suna Maniac ka ce ya tsaya a gefenka, kafin ka rufe baki ya auka cikin abokan gaba. Idan aka kashe ɗayansu ya tafi ke nan, a yi masa jana'iza, kujerarsa ta zama wayam. A ganina wannan ya fi duk wani jadawalin muƙamai sa mutum ya ji yana cikin tawaga.

Inda aka ƙware a harkar, a wurina, shi ne FreeSpace 2 na kamfanin Volition, 1999. Kai ne Alpha 1. Rukuninka Alpha, yawanci jirage huɗu, tare da ku akwai Beta da Gamma, wani lokaci har Delta da Epsilon. A nan abin da allo ke kira wing wannan ɗan rukunin ne, ba rundunar jirage 72 ba, kada lambobin Star Wars su rikita ka. Kafin a tashi, a ayyuka da yawa, kai ke zaɓa wa Alpha da Beta da Gamma jirage da makamai, ɗaya bayan ɗaya. Bayan an tashi kana da jerin umarni da za ka aika wa jirgi guda, ko rukuni guda, ko kowa da kowa: ku hallaka wannan, ku tsare wancan, ku lalata masa inji, ku kwance masa bindigogi, ku rufa mini baya, ku koma gida. Akwai kuma ƙaramin jirgin agaji da kake kira ya zo ya sake loda maka makamai masu linzami a tsakiyar faɗa.

Abin da wannan wasa ya fahimta shi ne rabon aiki ya fi ƙidaya muhimmanci. Jirgin bam yana da nauyi, ba ya juyawa da sauri, shi kaɗai ba zai isa jikin babban jirgi ba. Jirgin tare hanya yana da gudu amma ba ya jure duka, aikinsa ya kamo masu bam kafin su saki kayansu, idan kuma sun saki ya harbo bam ɗin a hanya. Manyan jiragen suna da bindigogin haske da ke yanka ƙarfe, to wani rukuni ne zai je ya kashe waɗannan bindigogi kafin jirgin da kuke rakiya ya shigo inda za su same shi. Ita tawagar mai suna da lamba, amfaninta shi ne koyar da kai waɗannan ayyuka bi da bi. Ka fara da 53rd Hammerheads, a tura ka 242nd Suicide Kings ka koyi tare hanya, a kai ka 64th Raptors ka koyi jefa bam, a ƙarshe a ba ka jagorancin 70th Blue Lions. Duk tsawon tafiyar nan, waɗanda kake gani a gefenka ba su wuce 'yan rukunan nan ba.

Homeworld na 1999 daga sama kake kallo, kai ne kwamandan ayarin duka. A can ɗaya-ɗaya kake ƙera ƙananan jirage, ka haɗa su da kanka, ka zaɓa musu jeri, ko bango, ko ƙwallo, ko farce. Homeworld 2 na 2003 ya sauƙaƙa, tawaga guda kake ƙerawa a dunƙule, masu tare hanya na ɓangaren Hiigara, wanda kake jagoranta a labarin, biyar-biyar suke fitowa. Muddin guda ɗaya ya tsira ya koma cikin uwar jirage, za a cike masa sauran. Don haka gwani a wannan wasa shi ne mai janye tawaga kafin ta ƙare.

Da aka koma wasa da mutane ta intanet sai lissafin soja ya ja baya, aka koma tambayar mutum nawa ne za su iya magana tare ba hayaniya. Star Wars: Squadrons na 2020 biyar da biyar ne, lambar da ba ta da alaƙa da 12 ko huɗu, daga wasannin ƙungiya na zamani aka ɗauko ta. Ayyukan kuwa su ne dai na da: jirgin faɗa na gama-gari, mai tare hanya, mai bam, da mai agaji da ke raba garkuwa da gyara. A Elite Dangerous rukunin da ke tashi tare mutum huɗu ne, sai a 2018 aka ƙaro tawaga mai ɗaukar har mutum 500 a lokacin, wadda ta fi kama da ƙungiyar zumunci a kan sahun yaƙi. EVE Online ne kaɗai na ga tsarin takarda ya zama na gaske: tsarin da aka daɗe a kansa shi ne mutum 10 a ƙaramin rukuni, rukuni biyar ƙarƙashin kwamanda guda, irin waɗannan kwamandoji biyar ƙarƙashin babban kwamandan ayari, jimilla 256. Ko a nan ɗin, idan faɗa ya kacame murya ɗaya ake saurare. Babban kwamanda ya kira sunan wanda za a harba, kowa ya harbe shi, masu gyara su bi wanda ake duka, 'yan leƙen asiri su faɗi abin da ke tafe.

Tunda da alama wasannin mutum ɗaya kake bugawa, ga yadda nake yi da abokan tashi na kwamfuta. Ba na barin su haka nan, domin idan ba a ba su aiki ba kowa zai bi abin da ya fi kusa da shi, su watse. Umarnin a taru a kan jirgi guda ya fi kowane umarni aiki, jirage uku a kan ɗaya suna gamawa da shi nan da nan, su wuce na gaba. A aikin rakiya ina ɗora rukuni ɗaya a kan tsaron jirgin da ake rakawa, ba na sake taɓa su, nawa rukunin kuma in ja shi mu tari masu bam tun daga nesa. Umarnin rufa mini baya ina ajiye shi sai lokacin da zan miƙe a layi ɗaya in saki bam ko in harbi wata bindiga, don a lokacin ne ba na iya kaucewa. Idan kuma na ga jirgin wani ya kusa tarwatsewa, a wasan da mutuwa ke ɗorewa irin Wing Commander, ina sallamarsa ya koma gida, in ƙarasa ni kaɗai.