Imanin zuci ya isa ba tare da masallaci da ƙungiya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Rigingimun ƙungiyoyi da zage-zagen masu wa'azi sun ishe ni, har na daina zuwa masallaci, ina ibadata a ɗaki. Tunda imani a zuciya yake, shin akwai laifi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ya dame ka yana damun mu, amma ka haɗa abu biyu da hukuncinsu ya bambanta.

Gaskiya ne mazaunin imani zuciya ce. Annabi (SAW) ya nuna ƙirjinsa sau uku yana cewa taƙawa a nan take, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kuma babu limami ko shehin da ke riƙe da mabuɗin tubarka. A Baƙara aya ta 186 Allah Ya ce Shi Makusanci ne, Yana amsa kiran mai kira. Shiga ƙungiya ko ɗariƙa ba sharaɗin Musulunci ba ne. In ka bar su don tsira da harshenka daga cin naman mutane, ba ka da zunubi.

Masallaci kuwa ba ƙungiya ce ta ƙirƙiro shi ba. Juma'a farilla ce a kan namiji baligi, mazauni, mai lafiya, da nassin Suratul Jumu'a aya ta 9, kuma ba a yin ta a ɗaki. Jam'in salloli biyar sunna ce mai ƙarfi a wajen Malikiyya, Hanbaliyya kuma suka ce wajibi ne, ladansa ya ɗara na mai salla shi kaɗai da daraja 27. Makaho ma ya nemi rangwame, Annabi ya tambaye shi ko yana jin kiran salla, da ya ce e, aka ce ya amsa. To ina ga mai ido da ƙafa? Ka duba kuma zakka: ba ta cika sai ta shiga hannun wani.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne keɓewa tana cin imanin a hankali, yau a jinkirta Asuba, gobe a bar ta.

Saboda haka barin Juma'a ba da uzuri ba haramun ne, ka tuba ka koma tun wannan makon. In huɗubar masallacinku zagi ce, nemi wani masallacin. Ka yi sallarka a sahu, ka gaisa da jama'a, in an fara musu ka ɗauki takalmanka. Wallahu a'alam.