Tambaya da Amsa: Ƙoƙari ne ke kawo arziki ko gado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kasuwar Barci da ke Kaduna, shekarata 14 a kan keke, lokacin sallah ma a shago nake kwana amma har yau gidan haya nake a Tudun Wada. Akwai abokina da muka yi firamare tare, babansa ya buɗe masa shagon shadda da atamfa a Kasuwar Gumi, yanzu har ya gina gida a Malali. Rannan a majalisa sai ya ce wai duk wanda ka gani cikin talauci mutuwar zuciya ce kawai, ko Ɗangote ai da guminsa ya samu. Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Don Allah ƙoƙari ne ke kawo arziki ko gado? Daga mai karatu, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai kyauta ba, kuma misalin da ya kawo ma shi ne ya kayar da shi. Aliko Ɗangote jikan Sanusi Ɗantata ne ta wajen uwa, shi kuma Sanusi ɗan Alhassan Ɗantata ne, wanda kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Da Aliko zai fara kasuwanci a 1977 rance ya samu a cikin dangi. Haka Abdussamad na BUA, ɗan Khalifa Isyaka Rabi'u ne, ya tashi ya tarar ana ciniki a gida. Ba na ce ba su yi aiki ba fa, sun yi sosai, jikoki nawa ne a irin waɗannan gidaje da ba ka taɓa jin sunansu ba? Amma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Abin da mutane ba sa lura da shi, ba tsabar kuɗin ba ne babban gado. Kuɗi a wajenmu rabawa ake yi, mata su ɗauki tumuni, 'ya'ya goma sha su raba sauran, kafin jika ya girma sai labari. Abin da ke zama shi ne suna da yarda. Abokinka in ya je Kantin Kwari za a iya ɗora masa dila bashi saboda an san babansa, kai kuwa sai ka biya lakadan ko yadi biyar ne. Sannan in ya karye akwai mai ɗaga shi, zai iya gwada abu sau uku yana faɗuwa ana cewa yana koyo, kai kuma ɗan abin da ka tara a adashi rana ɗaya yaro ya kwanta asibiti ko mai gida ya ƙara haya ko ƙanwarka za ta yi aure, shi ke nan an koma farko, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da kake kashewa a janareto kaɗai ya isa ya cinye ribar ɗinki.

In da gumi kaɗai ke kawo dukiya da mutanen Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna, sun fi kowa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, dubban mutane suna kwana a gaban inji dare da rana shekara da shekaru. Da rashin wuta da kayan sumoga suka durƙusar da masaƙun, da yawansu sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Ni dai ba zan iya buɗe baki in kira waɗannan dattawa matattun zuciya ba, kuma raina yana ɓaci in na ji yaro da aka buɗe wa shago yana faɗin haka.

Kai kuma ƙanena kar wannan ya sa ka ajiye almakashi, arziki na Allah ne amma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Abin da zan ce ka duba, shekara 14 kana sayar da ƙarfin hannunka ne kawai, ranar da ba ka hau keke ba babu shiga. Ka nemi wani dattijo mai shagon yadi da ya san amanarka, ka roƙe shi ya fara ba ka kaya kaɗan bashi kana ɗinkawa kana sayar da ɗinkakku, ka biya shi kafin ranar da kuka yi, ko da kwana ɗaya ne. Kuɗin sallar bana ka ware na keke na biyu tun kafin su shigo gida, ka ɗora yaron da ka koya wa a kai. In kun sake haɗuwa a majalisa kuma, ka tambayi abokin naka cikin mutunci wa ya biya masa kuɗin shago na shekarar farko.