Amsoshin tambayoyi: Kai ƙananan yara ganin kufan Al-Ula

Tambaya: Mu mazauna Madina ne, da yara uku, masu shekara 9, 6 da 2. Muna so mu kai su ganin kufan Al-Ula a hutun makaranta. Yaya za mu tsara tafiyar, kuma mu sayi keken tura yaro?

Amsa: Hajiya, ki bar kuɗin keken a jaka. Yawancin wuraren rairayi ne da tsakuwa, taya na nutsewa, a ƙarshe Alhaji ne zai koma ɗaukar keke da yaro gaba ɗaya. Zani da majanyi sun fi shi aiki. Ki sa kuɗin a takalmi sau ciki da hula mai faɗin baki ga kowane yaro, don silifa na ɗibar yashi mai zafi.

Hutun hunturu za ku zaɓa, tsakanin Nuwamba da Maris. Da bazara zafi kan haura digiri 40, ɗan shekara 2 ba zai jure ba. Sai dai daren hunturu akwai sanyi, a ɗauki rigunan sanyi. Daga Madina tafiyar ta ɗan haura kilomita 300, kamar awa huɗu. Ku tashi bayan Asuba, tankin mai a cike, yara duka a kujerar baya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne cusa komai a yini ɗaya. Ku ware kwana biyu. Ranar farko Dadan, birnin Lihyanawa, wata tsohuwar al'ummar Larabawa, inda ake ganin ragowar gidan bautarsu da kaburburan da aka sassaƙa wa zakoki a jikin dutse. Da yamma ku wuce Dutsen Giwa, yara su yi ta gudu a yashi. Rana ta biyu Hijr, wato Mada'in Salih, mai nisan kamar kilomita 20 arewa da gari. Akwai kaburbura sama da 100 na Nabatawa, wata tsohuwar daular Larabawa, a can, kuma shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 2008. Ba a shiga da motar gida. Ana sayen tikiti tun da wuri a shafin Experience AlUla, bas ce ke kai mutane, zagayen kuma ya kai awa biyu. Ku kama zagayen safe na farko, kowa ya yi fitsari kafin a hau. Lita ɗaya da rabi na ruwa ga kowane mutum, da dabino da ƙullin gishiri da sukari na kemis. Yaron da ya yi shiru, leɓensa ya bushe, a kai shi inuwa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.

Tambaya: Wani magidanci daga Jidda ya ce ya ji an hana shiga Mada'in Salih.

Amsa: Malam, abin da ka ji yana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya bi ta Hijr a hanyar Tabuka, ya hana shiga gidajen Samudawan da aka halaka sai ana kuka don tsoron Allah. Malamai da yawa sun ce zuwa don wa'azantuwa ya halatta, ba don shagali ba. Ka tambayi malaminka kafin ka biya kuɗin tikiti. In za ku je, a karanta wa yaran ƙissar Annabi Salihu da Samudawa tun a mota.