Ƙuri'ar baƙo: a raba ta ƙaramar hukuma da ta ƙasa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace a bar baƙon da bai zama ɗan ƙasa ba ya jefa ƙuri'a. Ni dai a ganina sai an fara tambayar wane zaɓe ake nufi.

Na daɗe ina zaune a Ingila, kuma tun kafin in samu fasfonsu nake zaɓe, har na 'yan majalisar dokoki. Dokarsu ta ba 'yan ƙasashen Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, da ke zaune bisa ƙa'ida wannan dama, haka ma 'yan Ireland. Maƙwabcina kuwa, da ya riga ni zuwa da shekaru, ƙasarsa ba ta cikin ƙungiyar. Harajin ƙaramar hukuma iri ɗaya muke biya, motar shara ɗaya ke kwashe mana, 'ya'yanmu makaranta ɗaya. Katin zaɓe ya faɗo ta ƙofata, tasa shiru. Wanda ya mulki kakanninmu kawai ya raba mu, kuma har yau ban ga hujjar hakan ba. A Scotland sun gyara wannan a 2020: duk baƙo mai izinin zama yana zaɓen kansila da na majalisarsu.

To a ƙaramar hukuma ina goyon baya, ba ko tantama. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wanda ya yi aure ya hayayyafa a unguwa ya wuce raɓa. Kansila ba ya aika soja yaƙi. Hanya ce, da gidaje, da fitilun titi. Sweden ta buɗe wannan ƙofa tun 1975 ga wanda ya shekara uku, Holan ta bi a 1985 da sharaɗin shekara biyar.

Zaɓen ƙasa kuma, a nan nake ja da baya, duk da na ci moriyarsa. Wanda zai zaɓi masu gyara tsarin mulki da dokar shige da fice, ya kamata a ce ya ɗaure kansa da ƙasar, ba mai ƙafa ɗaya a waje ba. New Zealand ta yarda tun 1975, Chile ma bayan wasu shekaru na zama, amma irinsu 'yan ƙalilan ne. Da aka tambayi mutanen Luxembourg a 2015, kusan kashi 78 cikin ɗari suka ce a'a, alhali baƙi sun kusa rabin mazauna ƙasar. Abin da zan nema wa baƙo shi ne a sauƙaƙa masa zama ɗan ƙasa, a daina ja masa rai da kuɗi da jira.

'Yan'uwa na Amurka, don Allah ku kiyaye. Dokar 1996 ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba zaɓen tarayya, ko da yana da katin zama na dindindin, kuma hukuncin na iya kaiwa ga kora daga ƙasar. Garuruwa irin su Takoma Park a jihar Maryland sun yarda a zaɓen gari kawai. Birnin New York ya gwada a 2021, kotu ta soke. Idan an miƙo maka fam ɗin rajista wajen karɓar lasisin tuƙi, karanta kafin ka sa hannu.